Yadda Norman Tibbs Ya Je Cin Abincin Rana

Norman Tibbs ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a wani garin Ingila mai yawan ruwan sama, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa ba wani saƙon da ya kamata ya kai da ƙafarsa ba. Da ya yi ritaya, likita ya ce ƙasusuwan matarsa Beryl rana suke so. Suka tattara suka dawo tsibirin Cyprus, suka sami ɗan gida mai bishiyar lemo biyu a wani ƙauye na arewa, ɓangaren Turkawa. Beryl ta sha ranarta shekara takwas, ta rasu. Norman ya ci gaba da zama, wai in ya tafi wa zai ba lemon ruwa?

Mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Turkancinsa bai wuce na gaisuwa da sayen burodi ba, amma yana yin sa da ladabi har mutanen ƙauye suka ɗora masa Kawu. Yana da wayar hannu, kullum tana cikin aljihun tebur a kashe. Babban amininsa kuwa Salahi ne mai shagon gahawa, wanda ko kwando ya fi bakinsa riƙe abu.

Kowace Alhamis Norman yakan sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya hau bas zuwa Nikosiya, birnin da iyaka ta raba biyu, Turkawa a arewa, Girkawa a kudu. Ya nuna fasfo a rumfar Turkawa, ya taka ɗan filin tsakiya da ba na kowa ba, ya nuna a rumfar Girkawa, ya shiga kudu. Da farko ganyen shayin Ingila ke kai shi. Sai wata rana maɓallin kwat ɗin ya tsinke, ya faɗa shagon wata tela mai suna Froso, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, taku ɗari biyu daga rumfar Girkawa. Tun daga ranar kwat ɗin nan bai ƙara cika mako da maɓallansa duka ba.

Ita Froso ba ta zuwa arewa. Can aka haife ta, yaƙi ya koro su tana 'yar shekara goma sha shida, kuma ko da aka buɗe hanya ta rantse ba za ta nuna wa kowa takarda don ta taka ƙasar ubanta ba.

Shekara bakwai ana haka. Ran nan ta ɗaga kwat ɗin ta hanga a haske.

"Norman, ni ba yarinya ba ce. Wannan da almakashi aka yanke shi."

Kunnuwan Norman suka yi ja.

"Ka ce za ka Ingila duba yayarka, ko? Je ka. Lahadin farko bayan ka dawo, ƙannena biyu za su ci abincin rana a gidana, ƙarfe ɗaya. Ka zo ka faɗi abin da ke bakinka a gabansu. In ba ka zo ba, ka nemi wata telar."

"Ki yi haƙuri," in ji Norman.

"Ba haƙuri na ce ka kawo ba."

Ya je Ingila lafiya. Wajen dawowa, jikar yayarsa ta duba taswira ta ga filin jirgin arewa ya fi kusa da gidansa, ta yanka masa tikiti ta Istanbul. Shi kuwa kullum ta kudu yake sauka, kuma ya sha jin Turawan ƙauye suna cewa tunda Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, ƙofar da mutum ya shigo ta zama abin dubawa. Amma yarinya ta yi ɗawainiya, ga ta tana murmushi. Ya za a yi ya ce mata ta canza? Ya yi godiya har sau uku.

Ranar Alhamis ya isa rumfar Girkawa. Jami'in da ya saba gaisawa da shi ya juya shafin fasfo, ya tsaya.

"Kawu, ta ina ka shigo tsibirin nan?"

"Ta filin jirgin arewa."

"Ai mu a wajenmu wannan ba ƙofa ba ce. Da, takardarka ta Turai ce, ba na tambaya. Yanzu kai baƙo ne, baƙon da ya shigo ta taga."

"Ga alamar shagon can ina gani. Mai launin kore."

"Ni ma ina ganinta, Kawu. Sai dai ka fita ka sake shigowa ta ƙofa."

Norman ya ba shi haƙuri kan ɓata masa lokaci, ya juya.

Salahi ya ji labari ya buga tebur. "Kai Bature, ka kunna wayar nan ka kira ta mana!"

"Ba maganar waya ba ce."

"To ni ina da katin shiga ko'ina. Bari in je in nema maka aurenta, yadda aka yi wa ubana da kakana. Dama namiji ba ya zuwa da bakinsa, balle irin naka da ba ya buɗuwa."

"Cewa ta yi in zo."

Washegari da safe ya rufe tagogi ya ja ƙofa, bai gaya wa kowa ba, don kada ya ɗora wa mutane damuwa. Ya hau jirgi zuwa Istanbul. Daga can ya hau wani zuwa Atina ta ƙasar Girka, inda ya yini ya kwana a kujera da kwat ɗinsa a ninke bisa cinya. Ranar Lahadi da hantsi ya sauka Larnaka, filin jirgin kudu, aka buga masa hatimin ƙofa, ya hau bas. Ƙasa biyu da teku ya ƙetare don taku ɗari biyu. Ƙarfe ɗaya saura minti biyar yana ƙwanƙwasa gidan Froso, da furanni a hannu waɗanda su ma sun gaji.

Shiru. Sai wata tsohuwa ta leƙo daga bene.

"Kai ne Baturen? Ashe kana da rai!"

"Ina tsammanin haka, Uwar gida."

"Wani Baturke mai baki ya zo jiya, ya ce ka kulle kanka kwana biyu ba ci ba sha, baƙin ciki zai kashe ka. Froso ta yi kuka, ta zage ka, ta dafa miyar kaza. Tun safe ta tasa ƙannenta a gaba suka wuce arewa."

"Arewa? Froso?"

"Da katinta a hannu. Shekara hamsin! Ni dai na ga abin da na gani."

Can ƙauye kuwa, ƙannen nan biyu, Stavros da Panikos, ƙarti masu furfura, sun sa kafaɗa sun ɓalle ƙofar Norman, Salahi na bayansu yana salati. Ba gawa, ba majinyaci. Sai 'yar takarda a kan tebur, da rubutu mai tsabta: "Na tafi cin abincin rana. Don Allah a ba lemo ruwa."

Norman bai taɓa gudu a titi ba, amma ran nan ya yi abin da ya yi kama da shi. Ya wuce rumfar Girkawa, ya shiga filin tsakiya, sai ga su sun fito daga rumfar Turkawa. Froso ce a gaba, rungume da tukunya a naɗe cikin tawul, idanunta sun kumbura.

"Kai tsohon banza! Ina ka shiga?"

"Atina."

"Atina! Me aka ajiye maka a Atina?"

"Hanya ce."

"Suruki, ƙofarka tana buƙatar kafinta," in ji Stavros.

"Rufe mini baki, bai zama surukin kowa ba tukuna." Ta juyo kan Norman. "Na karya rantsuwata. Na miƙa wa ɗan yaro kati yana duba fuskata. Mun bi ta ƙauyenmu, Panikos ya nuna mini gidanmu, sun yi masa fenti shuɗi, shuɗi fa! Duk saboda kai. To ga ƙannena, ga Lahadi, ƙarfe ɗaya ta wuce amma na yafe. Faɗi."

Masu wucewa suka rage tafiya. Wani sojan Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kamar yana duba agogo. Salahi ya buɗe baki zai taimaka, Panikos ya dafe masa kafaɗa.

Norman ya gyara tsayuwa, ya miƙa furannin, ya ga ba ta da hannun karɓa, ya mayar da su ƙirjinsa.

"Froso, in ba zai zama takura ba, ina so ki aure ni."

"Takura ce," in ji ta. "Babba ma. Na yarda. Karɓi tukunyar nan, tun safe nake ɗauke da ita."