Ranar da na goya kare zuwa Kaura

Salamu alaikum. Na san na daɗe ban leƙo nan ba. Masu turo saƙo suna tambayar ko lafiya, ku gafarce ni. Ba lafiya ba ce, kuma kunya ta hana ni faɗin wanda ba shi da lafiyar.

Karenmu ne.

Ku yi dariyarku, amma ku karanta tukuna.

Tun da Allah ya kuɓutar da Babanmu daga hannun mutanen daji, barci ya ƙaurace masa. Ko ganye ya motsa sai ya zabura. Mun yi rubutu, mun yi asibiti, a banza. Sai yayana ya kawo ɗan kwikwiyo daga Moriki, muka sa masa suna Zaki, ko da yake kaza ma korarsa take yi. Amma akwai haushi. Baba ya ce, "In wani abu ya taso, wanga zai gaya min." Daga nan ya fara runtsawa.

Ranar da abin ya fara, Zaki ya ƙi cin tuwo. Na ce iya shege ne. Washegari amai. Kafin azahar sai zawo da jini, da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Idonsa ya faɗa, ko kai ba ya iya ɗagawa.

Baba ya koma zaman tsugune a bakin ƙofa, yana kallon hanya. Na san wannan zaman. Shi yake yi lokacin da ya dawo daga hannun mutanen daji.

Mai sayar da maganin dabbobi a nan Zurmi ya duba shi daga nesa, ya ce wannan sai ƙarin ruwa, in kai shi asibitin dabbobi a Kaura, kuma kada in bari ya kwana.

Na kai shi tasha a cikin kwali. Direban farko ya ce, "Kare? Cikin motar da mutane ke shiga da kayan salla? Haba baiwar Allah." Na biyu ya kau da kai ya ci gaba da lodinsa. Masu babur suka ce ko nawa zan ba su ba za su ɗauka ba. Na roƙa har da hawaye, wallahi.

Na dawo gida na tsaya tsakar gida na rasa inda zan sa kaina. Sai Inna, mahaifiyata, ta ciro zani ta ce, "Duƙa."

Ban gane ba sai da na ji ta aza mini shi a baya. Ta ɗaure tam, ta jefa mini babban hijabinta. "Tahi. Allah na gani."

Ni da ko aure ban yi ba, goyona na farko kare ne.

A mota na juyo da shi kan cinya a ƙarƙashin hijabi. Hanyar nan kun san ta, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Ni tsorona biyu ne: kada a tare mu, kada ya yi kuka.

Wata dattijuwa da ke gefena ta ce, "Mi as samu yaron? Ga wari na ji." Kafin in buɗe baki ta ɗaga gefen hijabin. Ta gan shi. Ta dube ni. Na ce a raina shi ke nan, za a sauke ni a dajin nan.

Sai ta sake rufe shi, ta gyara bakin hijabin, ta ɗaga murya: "Direba, taka motar ga, muna da maras lahiya."

A asibitin kowa da tumaki da awaki ya zo. Likitan bai yi dariya ba. Ya gwada kashin, ya ce wata cuta ce da ke cinye hanjin ƙananan karnuka, kuma babu allurar da ke kashe ta. "Ruwa za mu yi ta ƙara masa, mu tsayar da aman. Sauran na Allah ne. Ba zan yi miki alkawari ba."

Neman jijiya kaɗai ya ɗauki lokaci, duk ta shige. Na riƙe ƙafarsa ruwan na ɗiga. Kuɗin magani ya fi ƙarfina, na sayar da 'yan kunnena a kasuwar Kaura, na sauka gidan gwaggona.

Kullum da safe in na kira gida sai Inna ta ce, "Babanki bai runtsa ba." Wata rana ta ce ya fara magana shi kaɗai. Ranar ce kuma Zaki ya yi aman da na ɗauka ya tafi. Na fita bayan asibitin na yi kuka iya kuka.

Kwana biyu bayan haka ya lashi romo a yatsana. Likita ya ce, "To, Hajiya, ɗanki ya dawo."

Alhamdulillahi. Ina godiya ga likitan nan da ma'aikatansa, da gwaggona. Dattijuwar mota, ban san sunanki ba, Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Shawarata: in kuna da kwikwiyo, ku yi masa rigakafi tun yana ƙarami, likita ya ce da an yi da ba mu kai nan ba. In kun ga amai da zawon jini, kada ku jira, kada ku ɗura masa maganin mutane, ku raba shi da sauran karnuka. Direbobi kuma, in kun ga mutum na kuka a kan dabba, don Allah ku tambaye shi dalili.

Zaki ya rame, haushin ma da ƙyar yake fita. Amma yana kwance a bakin ƙofa.

Yanzu haka da nake rubutun nan Baba na barci tun bayan azahar. An kira la'asar na tashi zan tashe shi, Inna ta riƙe mini hannu ta ce, "Bar shi. Ya yi in ya tashi."