Yatsan da Na Aika Abu Hail

Kano zuwa Dubai

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Gwammaja da jaka mai nauyin saniya, duk kilishi da yajin Kawu Bala. Awa bakwai a mota zuwa Abuja, shingen 'yan sanda tara, sannan wata awa bakwai a jirgi. Abu ɗaya Kawu ya nanata a waya: "Nura, kada ka manta katin zaɓenka."

Abu Hail

Kawu malami ne a unguwar Abu Hail ta Dubai, haƙƙin ɗan ƙasa yake koyarwa. Ranar Asabar yana tara 'ya'yan 'yan Najeriya a falonsa. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da zaɓe bai jefa ƙuri'a ba, don mazauna waje ba sa yi.

Yaran suka riƙa karɓar katina hannu bibbiyu kamar jariri. Sai wani Faisal, ɗan shekara sha shida, ya taɓe baki.

"Malam, zaɓe ɓata lokaci ne. Kowa ya sani, khalas, shi ke nan."

Na ga fuskar Kawu ta canza. Na miƙe na bugi ƙirji. "Ni ranar Asabar mai zuwa ko da rarrafe sai na yi!"

"To turo hoton yatsanka da tawada," in ji Faisal. "In na gani, ni ma zan yi rajista in na kai sha takwas."

Deira

Na haye ruwa a abra, ƙaramin jirgin katako, dirhami ɗaya. Na ci shinkafar biryani har na daina gane mutane. Na sayi farin takalmi mai kashe ido. Kawu ya rage min kwana uku don in isa gida kafin zaɓe, shi ya biya kuɗin canjin tikiti.

Abuja

Juma'a da azahar na sauka. A tasha direba ya ce, "Saura mutum ɗaya, ɗan samari, shigo."

Na ce sai gobe. Dole abokina Sadi ya ga takalmin nan.

Asabar da asuba na dawo, ko akuya babu a tashar. Mai shayi ya dube ni. "Kai daga wace duniya? Yau zaɓe, an hana zirga-zirga."

A kan bencinsa na wuni.

Kano

Lahadi da la'asar na iso. Kowa a gidanmu da tawada a farce, har kakata mai sanda. Saƙon Kawu ya shigo: "Yara suna jira."

Na ɗauki biron ƙanwata, na shafe babban yatsana, na ɗauki hoto, na tura.

Bayan Isha'i Kawu ya kira. Ya buga hoton ya manna a bangon falo. Faisal ya ce ya yarda. "Ka fitar da ni kunya, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Inna Rabi matar Kawu da ta ciyar da ni kwana goma. Addu'ar Kawu ce dai har yau na kasa ce wa amin.