Ranar da Bidi ya ɗaga kai

Da mahaifinmu ya rasu a Bodinga, dokinsa ya faɗa rabon yayana. Bidi muke kiran dokin, mai sanyin hali ne, ya yi shekaru yana kai tsohon namu garin Dandin Mahe ya komo da shi, ko tuntuɓe bai taɓa yi ba. Yayan nawa kuwa ma'aikaci ne a Sakkwato, iyakar saninsa da doki abin da yake kallo a waya.

A nan ya ga Turawa suna ɗaura wasu igiyoyin fata daga linzami zuwa majayin sirdi, don doki ya lanƙwasa wuya ya yi tafiyar ƙasaita. Sai ya ce ai namu tafiyar jaki yake yi. Ran kasuwa ya ja ni Shagari wurin wani dattijon baduku, ya kanga masa wayar a fuska.

Badukun ya duba, ya sake dubawa. "Alhaji, wanga abu mi za shi yi ma doki?"

"Tafiya zai koya masa, Baba."

"Dokin da yag girmi ɗiyanka? To. Ni dai ɗumki nika yi."

Ya kuwa ɗinka masa.

Daga nan kowace Asabar sai ya zo ya tamke igiyoyin nan har haɓar dokin ta kusa taɓa ƙirjinsa. Ya tsaya tsakiyar fili a bayan gari, riƙe da asawari, doguwar igiyar jan doki, dabbar tana kewaya shi yana ba ta umarni da Turanci. Dokin da aka haifa a ƙauyen Mandera! Bidi ya yi ta gumi, kumfa na zuba daga bakinsa. Na ce ya sassauta masa ko kaɗan.

"Kai tela ne," in ji shi. "Ka tsaya kan kekenka."

Na ƙyale shi, don gaba yake da ni.

Bayan wata biyu ya gayyato abokan aikinsa su ga gwaninta. Ya sha farar shadda, ya kwance igiyoyin da kansa, ya hau. Yana sunkuyawa zai gyara linzami, Bidi ya ji wuyansa a sake, ya wurga kai sama iya ƙarfinsa. Ƙeyarsa ta sami karan hancin mai horo, ji kake ƙas! Jini ya wanke gaban shaddar. Abokan suna ta "Sannu, ranka ya daɗe," suna ƙunshe dariya cikin hannun riga.

Da ya dawo daga asibiti da filasta a hanci, ya yanke hukunci cewa dokin ne ba shi da asali, ya bar mini shi.

Ba raunin yayana ya dame ni ba. Gefen bakin Bidi duk ya yi gyambo, in na miƙa hannu sai ya zabura. Sai da damina ta wuce ina hawansa da ragama kaɗai kafin ya sake yarda da mutum.

Yayana kuwa ya koma kiwon kifi. Na tausaya wa tarwaɗa.