Kawun da Ya Ari Fuskata

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Fabrairu, matarka Inna ta kira ni a waya ina wajen aiki. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Kawunki ya cika." Ta ce ka sha shayinka, ka nemi a fito maka da kujera bakin ƙofa don ka ga masu wucewa, daga nan ba ka ƙara magana ba. Ko da na iso an riga an lulluɓe ka.

Kawu, masu karanta jaridar da ka yi wa aiki sun san hannunka fiye da sunanka, domin kai ne mai zanenta tun kafin a haife ni. Ni kuwa 'yar ƙanwarka ce da ka ɗauka riƙo bayan rasuwar mahaifiyata, kana kirana Uwata saboda sunan kakata da aka sa mini. Abokan aikinka za su rubuta nasu, sun fi ni iya alƙalami. Amma akwai abin da ni kaɗai zan iya faɗa a kanka, domin shekaru da dama fuskata tana cikin kayan aikinka.

A wancan lokacin, idan wani mugun abu ya sami yaro, haɗarin mota ko duka ko abin da baki ba ya son faɗa, jaridu rige-rigen buga hotonsa suke yi. Masu ɗan kunya su ja baƙin layi a kan idanunsa su ce sun sakaya shi. Kai dariya wannan layin yake ba ka. Kakan ce a unguwa ba da ido ake gane yaro ba, da kunnensa ake gane shi, da wushiryarsa, da rigar da uwarsa ta ɗinka masa. Sai ka shawo kan Edita a kan wata hanya. Wakili zai ɗauko hoto ya kawo maka, kai kuma ka zana abin yadda yake: zaman yaron, yadda ya riƙe hannunsa, bangon da ya jingina. Fuskar ce kawai za ta zama ta wani. In ka gama, ka ɗauki hoton da fim ɗinsa ka mayar wa iyayen yaron da ƙafarka.

Wanin nan ni ce. Allah bai ba ka 'ya mace ba, yayyena maza kuwa ba mai iya zama wuri ɗaya ko da an ɗaure shi. Ina tuna ɗakin zanenka, da teburin nan mai gangara da ka kafa a gindin taga, da gwangwanin madara cike da fensira, da warin tawada da Inna ta gaji da mitarsa. Za ka ɗora ni a kan kujera ka ce, "Uwata, sunkuyar da kai. A'a, ba haka ba. Yi kamar an ce ki bar wasa ki zo ki yi wanke-wanke." In yaron namiji ne, sai ka aske mini kai a takarda, in yi ta dariya har ka ce na ɓata maka baki. Ba ka taɓa faɗa mini abin da ya sami yaron da nake zaune a madadinsa ba, kuma hoton nasa kullum a kife yake idan na shigo.

Abin bai rasa ban dariya ba. Wata rana maƙwabciyarmu ta faɗo gida da salati, jarida a hannu, tana tambayar asibitin da aka kwantar da ni. Ta same ni a tsakar gida ina suɗe kwano. Ba ta yarda ba sai da ta juya ni gaba da baya tana neman karaya. A makaranta kuma yara suka sa mini suna 'Yar Jarida, kowane mako su tambaye ni masifar da ta faɗa mini a wannan karon. Ina jin haushi, amma ina kuma jin daɗi, don ba kowace yarinya ce ake sayar da fuskarta a bakin titi ba.

Daga baya na ji yadda kake yi idan ka je wurin yaran nan. Ba ka tsayawa a kansu. Kakan zauna a ƙasa, ka ciro takarda ka fara zana kyanwa mai ƙaton kai, ba ka ce wa kowa komai ba. In yaron ya leƙo, ka tura masa fensir. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini akwai yaron da ya daina magana tun ranar da aka kawo shi, kalmarsa ta farko ita ce ya gaya maka kyanwarka ba ta da wutsiya. Ta ce da gangan ka ƙi zana wutsiyar, ni ma na yarda, don na san halinka.

Sai gobarar gidan marayu ta zo. Gida ne na wani attajiri, kuma wuta ta tashi a ɗakin kwanan yara mata. Wakilin da kuka fi shaƙuwa da shi, wanda kowa ke kira Dogo, ya sami wata yarinya sa'ata da ta tsira da ƙuna a hannu. Ta gaya masa cewa da kwaɗo ake kulle su ta waje, shi ya sa suka kasa fita. Dogo ya rubuta, kai ka zana, aka buga a shafin farko: yarinya ta rungume hannunta, da fuskata a wuyanta.

Attajirin ya kai jarida kotu. Lauyansa ya yi abin da ba wanda ya zata a cikinku. Ya samo hotona na makaranta, ya ɗaga shi gaban alƙali kusa da zanenka, ya ce ga yarinyar nan lafiyarta ƙalau, 'yar gidan mai zane ce, labarin kuma ƙirƙira ne daga farko har ƙarshe. Dabarar da ka yi don ka rufa wa yara asiri ita ce ta zama sandar dukan jaridar.

Mafita ɗaya ta rage, wato a buga ainihin hoton, a kawo yarinyar ta tsaya gaban jama'a ta maimaita. Hoton kuwa ka riga ka mayar wa kakarta, wadda ta ɗauke ta ta bar unguwar, kuma kai kaɗai ka san inda suka koma. Edita da Dogo suka zo gida. Ina bayan labule ina jinsu. Dogo ya ce, "Yaya, akwai sauran yara a gidan can, kuma har yanzu da kwaɗo a ƙofa. In muka yi shiru, su wa muka kare?" Ba ka yi masa gardama ba. Ka ce gaskiya ya faɗa, kuma za ka je ka tambaya.

Ka je, ka dawo da la'asar, takalmanka sun yi buɗu-buɗu. Ka ce kakar ta ce a tambayi mai abin. Da yarinyar ta ji an ambaci hoto da kotu, sai ta shige ƙarƙashin gado, har ka baro gidan ba ta fito ba. Edita ya ce, "Haba Malam, yarinya ce fa. Me ta sani?" Ka ce, "Ta san inda ta shiga, Ranka ya daɗe. Ni kuma ba zan jawo ta da ƙafa ba." Suka roƙe ka ka faɗi gidan kawai, su za su ji da sauran. Ka ƙi.

Ba zan yi maka ƙaryar yabo ba, Kawu, don ba ka so. Jarida ta faɗi a shari'ar, ta buga ban haƙuri a shafin da zanenka ya fito. Dogo ya rasa aikinsa, sunansa ya ɓaci a matsayin mai ƙaga labari, alhali ko kalma ɗaya bai ƙaga ba. Gidan marayun ya ci gaba da aiki har wasu shekaru kafin hukuma ta rufe shi a kan wani dalili dabam. Yaran da suka kwana a bayan wannan kwaɗon a shekarun nan, ban san yadda suka ƙare ba, kuma na san kai ma tambayar ba ta bar ka ba. Dogo ya daina gaishe ka. In ya hango ka a layin masu sayar da takarda, sai ya tsallaka titi.

Tun da na yi hankali nake juya wannan al'amari, kuma har yau ban sauke shi a gefe ɗaya ba. Da ka faɗi gidan, wataƙila da an ɓalle kwaɗon a makon. Wataƙila kuma da attajirin ya sayi wata hanyar, yarinyar kuwa ta zama abin nuni a duk inda ta shiga har ta tsufa. Shin hakkin jama'a na su sani yana kaiwa har ƙarƙashin gado? In kuma bai kai ba, wa zai yi magana a madadin yaran da ba su sami ko gadon ɓuya ba? Na tambayi 'yan jarida, na tambayi malamai, kowa ya ba ni amsa da sauri. Kai kaɗai ne na tambaya ka ce ba ka sani ba, abin da ka gani da idonka kawai ka bi.

Akwai tambayar da ta fi wannan ci mini rai, kuma na yi maka ita bayan na yi aure. Na ce, "Kawu, ka yi tafiya ka tambayi 'yar mutane. Ni fa, da aka ɗaga hotona a kotu, wa ya tambaye ni?" Ka ajiye fensir. Ka ce, "Ba wanda ya tambaye ki, Uwata. Na ɗauka abin gida ba ya bukatar izini. Ban kyauta ba, ki yafe mini." Na yi zaton za ka kare kanka, na zo da maganganu cike da baki, sai na rasa inda zan sa su. A ranar ne na lura cewa tun bayan shari'ar ba ka ƙara ɗora ni a kujerar nan ba. Fuskokin da ka zana daga baya harhaɗa su kake yi, hancin wannan, goshin wancan, yaran da ba a haifa ba balle a gane su. Na yafe maka tun a ranar, yau kuma ina maimaitawa a gaban mutane.

Dogo ya zo jana'izarka. Ya tsufa, yana dogara sanda, amma ya matsa sai da ya kama makara. Da na gaishe shi ya ce, "Har gobe ina ganin Yaya ya yi kuskure. Amma da 'yata ce a ƙarƙashin gadon nan, shi zan so a aika."

Kwanakin da mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, hankalina yana wani wuri. Na ce a raina, in yarinyar nan tana raye ta ji labari, za ta zo. Sa'ata ce, yanzu ta zama babbar mace. Ina so in ga fuskar da tawa ta tsaya a madadinta, ko sau ɗaya. Duk baƙuwar da ta shigo sai in bi hannunta da kallo ina neman tabo, amma mata sun cika ɗaki, kowacce hannunta a cikin mayafi. Da mutane suka ragu na ce wa Inna, ashe ba ta zo ba.

Inna ta ce, "Ta zo mana. Da 'ya'yanta ma. Ai duk shekara ni da kawunki muna zuwa gidanta. Kusa da ke ta zauna, ke kika miƙa mata ruwa."

Na ce, "Wacce, Inna? Don Allah wacce?"

Ta dube ni ta ce, "Shi bai faɗa ba yana da rai. Ni ce zan faɗa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

Na zauna ina jero matan da na miƙa wa ruwa, ɗaya bayan ɗaya, na kasa. Ta shigo ta gaban Dogo da ya ɗauki hotonta, ta wuce ta gaban tsohon Edita, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ni, ta yi maka addu'a, ta tattara 'ya'yanta ta tafi, ba wanda ya ɗaga kai. A nan ne kuka ya zo mini, wanda ban yi ba ranar Laraba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. In ka yi daidai a wancan hukuncin, Ya ninka maka lada, in kuma ka kuskure, Ya dubi niyyarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da yayyena, da jikokinka, da abokan aikinka na jarida, da Dogo, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ke kuma baiwar Allah da kika sha ruwa daga hannuna, ina yi miki ta'aziyya kamar yadda ake yi wa 'ya. Na daina nemanki. Yadda Kawu ya suturta ki, Allah Ya suturta shi ranar da babu abin da zai ɓoyu. Amin.