Ranar Da Na Riƙe Gula Ban Buga Ba

A shekarun da aka karɓi mulkin kai, ni saurayi ne mai kaɗa gangar noma a wani ƙauye kusa da Fakku. Gado na yi wurin mahaifina. Karatuna bai wuce allo da ajin yaƙi da jahilci ba, sai a yi haƙuri da rubutuna.

A lokacin 'yan doka sun addabe mu. Sukan kama mutum a gona ko a hanyar kasuwa, su zane shi da dorina inda ba idon kowa, gobe a ce faɗuwa ya yi. Sarkin noman garinmu ya tara magidanta da sunan gayya, aka yanke shawara: duk wanda aka kama, in buga kiran gayya, kowa ya yar da fartanya ya zo ya tsaya. Ba sanda, ba zagi, ido kawai. Ya sa na yi alkawari gaban jama'a cewa ko wa aka kama zan buga. Mun gwada ranar da suka kama wani mahauci. Da suka ga an kewaye su shiru, suka sake shi suka hau kekunansu.

Akwai wani Badakkare da yakan zo mana ƙodago da kaka. Ba ya salla, ƙwaryar shan ruwansa ma daban muke ajiye masa. Ran nan da hantsi ya taho da damin gero a ka, ya gamu da 'yan doka biyu a bakin rijiya, bai durƙusa ya gaishe su ba saboda kaya. Suka ture damin suka hau shi da duka. Ina gindin tsamiya, ganga a kafaɗa, gula a hannu. Babbansu ya juyo yana dariya, ya tambaye ni ko gangar tamu har wanda ba ya salla take kira wa mutane. Mutumin yana ƙasa, bai dubi fuskata ba, gangar yake kallo. Zan so in ce tsoro ne ya riƙe hannuna, amma ba shi kaɗai ba ne. Na ce a raina ai ba namu ba ne. Suka ɗaure shi tamau suka ja shi Tambuwal. Da ya dawo, hannunsa na dama ya shanye.

Sarkin noma ya tambaye ni abin da ya hana ni bugawa, na ce fatar ganga ce ta saki. Ya karɓi gula ya buga sau ɗaya, amo ya cika unguwa, ya miƙo mini ya wuce.

Da kaka ta zagayo suka kama yayana don ya zauna laccar 'yan adawa. Na buga har tafina ya fashe, tituna fayau. Mutane sun riga sun gane gangar tana zaɓe, kowa yana leƙe ta dangarsa yana jiran wani ya fara. Sun kwantar da yayana sun ɗaga dorina, sai ga Badakkaren nan ya fito daga gonar da yake yanka, ya zo ya tsaya gabansu, hannun yana lilo. Kunya ta fito da sauran, har aka saki yayana. Da na je godiya, sai ya ce kiran gayya ya ji, shi kuwa bai taɓa ƙin gayya ba. Ban roƙi gafararsa ba, kuma daga kakar nan bai sake zuwa ba.

Yanzu na tsufa, abin bai bar ni ba. Na gane ba dorina ce ta kusa rusa shirinmu ba, ni ne da na tsaya tantance wanda ya cancanci a tsaya masa. 'Ya'yana, in kun haɗa kai a kan zalunci, kada ku tambayi wanda ke ƙasa garinsu ko addininsa. Ni na tambaya, hannun wani ya biya.