Anti Zulai ta tafi ta bar ni da Baƙuwa

Anti Zulai ta rasu. Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a tsakar gidanta da bokiti a hannu.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Bakina yana ta faɗa tun ɗazu, amma kaina bai ɗauka ba.

Ku yi haƙuri idan rubutun nan ya zo muku a hargitse. Ni ma haka nake.

Ga wanda bai san ta ba, maƙwabciyata ce a nan Madina, ita tana ƙasa, mu muna sama. Nas ce a ɓangaren haihuwa, 'yar Zariya, ta zo ƙasar nan tun ina 'yar makaranta. Mijinta Injiniya a Yanbu yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Makon jiya aka yi masa aikin zuciya a can, sai ta ɗauki hutu ta tafi jinyarsa ita da 'yarsu Hanan. Ta bar mini makulli don in riƙa ba shukarta ruwa.

To, shi muke ta yi wa addu'a. A guruf ɗinmu na mata kullum tambayar ɗaya ce, ya jikin Injiniya.

Shi ya sa da kiran Hanan ya shigo, na ji kuka, na ji tana Larabci da sauri tana haɗiye rabin maganar, ban ma tsaya na saurara ba. Na ce Allah ya jiƙan Baba, Allah ya ba ku haƙuri, miƙa wa Mama wayar in yi mata gaisuwa.

Sai ta kira ni yadda ta saba da Larabci, ta ce, "Khala, Mama ce."

Na ce eh, Maman nake nufi, ba ni ita.

Sai da yarinyar nan ta sake faɗa mini a hankali, kalma bayan kalma, kamar ita ce babba ni ce ƙarama. Ta ce sun yi sallar asuba, Mama ta haɗa wa Baba shayi, ta ba shi maganinsa, ta zauna a bakin gado ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Mara lafiyan yana zaune yana kallo.

Kun san abin da na yi bayan na ajiye wayar? Na ƙarasa ban ruwan. Na juye sauran a hankali ta gefen tukunya yadda Anti Zulai ta koya mini, na kife bokiti, na kulle gida, na hau sama na fara goge kayan aikina kamar mai shirin tafiya duti. Maigidana ne ya zo ya zare wayar dutsen gugar ya zaunar da ni.

Shukar nan da nake ta ambata, duk wanda ya taɓa shiga gidan Anti Zulai ya san ta. Kilematis ake ce mata. Tana hawa bango, furenta faffaɗa ne kamar tafin hannun yaro, launin shunayya mai duhu. Hanan tana cewa banafsaji da Larabci. Anti Zulai kuwa Baƙuwa take kiranta, wai don ba 'yar ƙasar nan ba ce, kuma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama.

Shukar ƙasar sanyi ce. Kowa ya gaya mata ba za ta yi a Madina ba. Mai sayar da shuke-shuken da take zuwa wurinsa dariya ya yi, ya ce ta sayi abin da ya san rana. Ta yi oda ta intanet, ta farko ta mutu. Ta sake, ita ma ta ƙone ƙurmus da zafi ya shigo. Wannan da ke nan ita ce ta zauna.

Na taɓa tambayarta me ya sa ta nace. Ta ce lokacin da ta je wani kwas a Ingila, akwai irinta a jikin tagar ɗakin da ta sauka, ita kaɗai take gaisawa da ita da safe. Iyakar abin da ta ce ke nan, ni kuma ban ƙara tambaya ba. Yau ina ta tunanin me ya hana ni.

Wahalar da ta sha a kan shukar nan sai wanda ya gani. Katuwar tukunya ta samo ta ajiye ta jikin bangon da hantsi kawai yake taɓawa. Ta rufe saman ƙasar da tsakuwa da fasassun tayil, wai saiwar ba ta son jin zafi ko kaɗan. Ruwan famfo ba ya yi mata, sai ruwan da ke ɗiga daga esi mai sanyaya ɗaki, shi take tarawa a jarkoki. Har namu na sama ta sa aka jawo mata da tiyo. Idan zafi ya tsananta ta ɗaura mata koren raga a sama, shukar ta bushe ta koma kamar tsinken tsintsiya, duk wanda ya gani ya ce ta mutu. Anti Zulai ta ce barci take yi. Sanyi na shigowa kuwa sai ka ga tsiro.

Yadda aka yi na shiga hidimar Baƙuwa, ban taɓa ba da labarin a nan ba.

Shekarata ta farko a Madina na yi ɓari. Ba uwa, ba 'yar'uwa, maigida yana wurin aiki, Larabcina bai wuce na aikina na sayar da magani ba. Na rufe kaina a ɗaki. Anti Zulai ta riƙa hawowa da farfesu, ta ajiye, ta zauna, ba wa'azi, ba tambaya. Wata ranar da yamma ta ce in sauko in riƙe mata zare, hannunta biyu ba sa isa.

Na sauko ba da son raina ba. Ta nuna mini yadda shukar take kama abu da wuyan ganyenta, ba ta iya riƙe sanda mai kauri, sai siririn zare. Ta ce in kama reshen kamar ina ɗaga jariri sabon haihuwa, don ƙaramin motsi yana karya shi. Muka yi ta ɗauri har aka kira magariba. Ranar ne na fara cin abinci da kaina ba tare da an matsa mini ba.

Daga baya na gane tana iya ɗaurin nan ita kaɗai sarai.

Ita ta nuna mini inda ake samun daddawa da kuka a garin nan. Ita ta riƙe mini yara lokacin da aka mayar da ni dutin yamma. Idan na yi kuskuren Larabci a gaban mutane ba ta gyara mini, sai mun shiga mota ta kwaikwaye ni mu yi ta dariya.

Ganina da ita na ƙarshe, ranar tafiyarsu ne. Mota tana jira a waje, Hanan tana ta kiranta, ita kuwa ga abaya ga jaka a kafaɗa ta ja ni wurin tukunya. Ta kama yatsana ta cusa a cikin ƙasar. Ta ce idan na ji danshi in ƙyale ta, yawan ruwa ya fi ƙishi saurin kashe ta. Ta nuna mini ƙananan kawunan furen da suka fara kumbura, ta ce bana za mu sha kallo.

Sannan ta ce, "Sa'a, kar ki sa mata almakashi ko me kika gani. In na dawo zan nuna miki inda ake yankewa."

Ashe irinsu kala-kala ne. Wata a tsohon reshe take fure, wata a sabo, in ka yanke ba lokacinsa ba ka yi asarar furen shekara. Ita ta san wace iri ce tata. Ni ban sani ba, don ban taɓa zaton zan buƙaci sani ba.

Har ta shiga mota ta sauke gilashi ta ce akwai miyar kuka a firiza, mu cinye kar ta lalace. Maganarmu ta ƙarshe ido da ido ke nan. Miyar kuka.

Shekaranjiya na ga reshe ɗaya ya yi yaushi, ganyen ya langaɓe. Na ɗauki hoto na tura mata. Ta amsa da cewa in bar shi, tana tafe.

Yau bayan azahar mata suka fara taruwa, na sauka na buɗe musu gidan. Na koma sama in dafa shayi in haɗo kofuna. Kafin in dawo falo ya cika, wasu bayin Allah suka ga ya kamata a shimfiɗa darduma a tsakar gida. Tukunyar ta tare wuri. Suka sa wuƙa suka yanke zaren da ke riƙe da ita a bango, suka ja ta zuwa lungu.

Ba da mugunta suka yi ba, wallahi. Taimako suke yi.

Na shigo da fulas a hannu na tarar da Baƙuwa kwance a kan tayil. Wasu rassan sun karye, an taka kawunan furen, bangon ya zama fili sai guntayen zare suna lilo.

Tun safe ko ɗigon hawaye ban yi ba. A wurin nan ya zo. Na durƙusa ina kuka kamar raina zai fita, mata suka kewaye ni ana ta cewa in yi haƙuri, addu'a take buƙata, kowa ya san yadda muke da ita. Ni kuwa ina so in ce musu shukar, shukar kuka yanke, amma ina jin kunyar faɗa. Wa zai yi rigima a kan fure a gidan mutuwa? Kuma har yanzu da nake rubutun nan ban san wanne na yi wa kukan ba.

Ana cikin haka Hanan ta iso, wani abokin aikin babanta da matarsa suka kawo ta. Ta shigo, ta dubi bangon, ta dubi lungun. Ba ta tsaya amsa gaisuwa ba, ta wuce kicin ta fito da ƙullin zare da almakashi. Ta miƙa mini zaren.

Muka ja tukunyar muka mayar da ita mazauninta, wasu daga cikin matan suka kama mana. Ni ina ɗaga rassan, ita tana ɗaurawa. Waɗanda suka karye ta dube ni tana jiran in ce wani abu. Na ce ta yanke daidai inda suka karye, don ban san abin da zan ce ba in ba haka ba. Ta yanke.

Ta tambaye ni ko za ta rayu. Na ce ban sani ba, Hanan.

Sai ta ce Baba ya ce ba zai iya ci gaba da zama a gidan nan ba, idan komai ya lafa za su koma Yanbu gaba ɗaya, in ɗauki shukar in kai wurina. Barandata kuwa yamma take kallo, ranar la'asar tana dukanta har bango ya yi zafin da ba a iya taɓawa. In na hau da ita za ta ƙone. In na bar ta, ban san wanda zai shigo gidan ba.

Idan akwai wanda ya san kan shukar nan a cikinku, don Allah ya yi mini magana ta inbos. Ba yau ba, bayan kwana biyu.

Masu tambayar jana'iza, har yanzu ana kan takardu a Yanbu. Injiniya yana so a kawo ta Madina a yi mata sallah a Harami, ana sa ran gobe in Allah ya yarda. Da na samu tabbaci zan sanar a ƙasan rubutun nan. Don Allah a rage kiran Hanan, wayarta ba ta huta ba.

Ya Allah, ga baiwarka Zulaihatu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata makwancinta, Ka sanyaya mata shi. Jariran da ta karɓa da hannunta, da matan da ta zauna da su a ranar da ba su da kowa, Ka sa ta tarar da su a mizaninta. Ka ba Injiniya lafiya da juriya, Ka riƙe Hanan. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san ta ba, ina roƙonsa ya ambaci sunanta a sujadarsa ta yau. Waɗanda ke kusa da Harami, ku tuna da ita idan kun shiga.