Wa Zai Taka Maganin Tsoho Ran?

Duk wanda ya zauna a lungunmu na Matakalar Gishiri ya san Kuang Sufen, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Ni da nake sayar da taliya mai yaji a gindin matakalar, tun muna 'yan mata nake shan bakinta. A cikin kwalekwale aka haife ta a kogin Jialing, ta yi ƙuruciyarta tana sauke gawayi, shi ya sa har ta tsufa magana a wurinta sai da ihu, kamar da mutumin tsallaken ruwa take yi. Gajeriya ce, ga damtse, kuma ba ta ɗaukar raini.

Mijinta, Tsoho Ran, ɗan dako ne, irin masu gora da igiyar nan da suka cika birninmu Chongqing. Babu abin da bai hau matakalar nan da shi ba: firiji, buhunan shinkafa, alade da ransa, har da wata mai naƙuda a kan kujera. Mutum ne shiru-shiru. Tun da ya auri Sufen ya bar mata magana, ta yi tata ta yi tasa. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure kaya, baya ya ƙi miƙewa, ciwo ya sauka daga ƙugu har diddige. A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin baya ne ya danne jijiya, ya je ya huta. Ya kwanta ya juya fuska ga bango, ko taga ba ya so a buɗe. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Sufen ta ɗauko Likita Mou mai maganin gargajiya. Ya dafa jijiyar hannunsa, ya duba harshe, ya jera masa allurai a baya, ya yi masa ƙaho, sannan ya haɗa saiwoyi da ɓawon itace a riƙa dafawa kullum a tukunyar ƙasa. Ɗacin abin nan, daga warinsa ma sai ka yamutsa fuska. Ita kuwa tsaye take a kansa har ya shanye.

To, in an tace magani ai ba a kai ragowar juji. A kan hanya ake watsa ta, masu wucewa su tattake, kowa ya tafi da ɗan guntun ciwon a tafin ƙafarsa har ya ƙare. Haka muka taso muka gani. Kullum da safe Sufen ta fito ta baza saiwoyin a kan matakalar ƙofarta, inda hanya ta fi ƙunci. Ran farko na ɗaga ƙafa zan taka, ta ture ni.

"Ke da wannan ruɓaɓɓiyar gwiwar taki? Matsa can! Masu ƙwari nake nema."

Da farko lafiya lau, 'yan makaranta da masu zuwa kasuwa suna bi ta kai. Sai Dou wanzami, wanda ke aski a tsakiyar lungu, ya wayi gari da ciwon ƙugu. Mutumin da yake wuni a zaune kan ɗan guntun benci yana wasan karta! Amma ya bi lungu yana cewa ciwon Tsoho Ran ya kwasa. Shi ke nan, magana ta bazu. Manya suka koma tsallake, iyaye suna ɗaga yara sama. Saiwoyin su wuni a wurin su bushe, babu sawun kowa a kansu.

Kuna zaton ta daina? Ina! Kujera ta fito da ita ta zauna a gefe, duk wanda ya tsallake ta bi shi da baki.

"Sannu ɗan akuya, tsalle ya yi kyau! Ranar da tsohona ya hau da akwatin gawar ubanka, matakala nawa ya tsallake?"

Da ta ga lungu ya ƙi, sai ta riƙa sauka da tukunyar har babban titi, ta juye a inda bas ke tsayawa. Ta ce mota ɗaya cike take da mutane, kowa ɗan mitsitsi zai samu. Masu shara suka koro ta, ta dawo ƙofarta tana zaginsu har kakanninsu.

Ana haka Pu, shugabar kwamitin unguwa, ta shigo cikin maganar. Yarinya ce mai ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba, amma an gaya mata cewa masu duba tsafta suna tafe. Ta sa aka riƙa share wurin da zarar an zuba. Wannan shi ya fi ƙona wa Sufen rai, don ga kaka ta wuce, sanyi ya shigo, tsoho bai ko iya tashi zaune da kansa ba. Ta gaya mini a bayan tukunyata, muryarta ƙasa-ƙasa yadda ban taɓa ji ba, cewa ya fara ƙin cin abinci.

Wata safiya ta fito ta zuba, sai ga Pu da kanta riƙe da tsintsiya, mutane sun taru.

"Gwaggo Kuang, ki yi haƙuri. Ki ci gaba da ba Kawu maganinsa, amma wannan zubarwar ba ta warkar da kowa, ƙazanta ce kawai."

"'Yar nan, ajiye tsintsiyar."

"Gwaggo, mutane suna tsoro."

"Tsoro?" Ta juya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Babu gidan da bayan mutumin nan bai ɗauki kayansa ba a lungun nan. Yau an ce ku ɗaukar masa ɗan kaɗan, kun zama kwaɗi. To ku riƙe ƙafafunku, ku jiƙa ku sha!"

Ta sunkuya ta cire takalmanta. Ɗan gida ba ya taka maganin gidansu, don in ya taka, kansa ciwon ke komawa gaba ɗaya, babu mai raba shi da shi. Na ce, "Yaya, kina hauka ne?" Ko kallona ba ta yi ba. Ta hau kan saiwoyin da ƙafa tsirara, suna tururi, ta shiga tattaka su da ƙarfi. Pu ta yi tsaye da tsintsiya, Dou wanzami ya sunkuyar da kai.

Sai muka ji tsawa daga cikin gida, muryar da rabonmu da ita tun bazara.

"Sufen! Sauka daga nan!"

Ta ci gaba. Muka ji wani abu ya faɗi, kujera ta kife, sannan ƙofa ta buɗe. Ga Tsoho Ran, ya rame ya yi fari, ya dafa gorar dakonsa da hannu biyu, ƙafar tana rawa, gumi na zuba. Amma a tsaye yake.

"Na ce ki sauka, mahaukaciyar tsohuwa! In kin kwashe shi, wa zai dafa miki magani?"

Ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa. Hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba.

"Kai mana," ta ce. "Tun ban gama ba ka miƙe. Tsaya nan, kada ka kuskura ka zauna."

Ta ci gaba da takawa.